Tambaya da Amsa: Gleann Cholm Cille, Ƙauyen da Titi ya Ƙare a Bakin Teku

Yawancin wasiƙun wannan watan a kan karkarar Ayalan suke. Maimakon mu yi ta tsalle daga wannan lardi zuwa wancan, mun tsaya a ƙauye guda, Gleann Cholm Cille na lardin Donegal, a arewa maso yammacin tsibirin, muka amsa kowace tambaya da abin da ke can.

Wani malamin makaranta daga Zariya: Ina ƙauyen yake, kuma tun yaushe ake zaune a cikinsa?

Malam, in ka bar garin masunta na Killybegs ka nufi yamma, ka wuce Kilcar da Carrick, titin zai hau tudu ya ratsa wata doguwar fadama da babu ko inuwa, sannan ya gangara da kai cikin wani kwari da ya buɗe baki ga Tekun Atilantika. Nan ne. Cibiyar ƙauyen ana ce mata An Caiseal, mazaunanta ba su kai 300 ba, sauran jama'a suna warwatse a gidajen gona.

Manoma sun zauna a kwarin tun kimanin shekara 5000 da suka wuce, shaida kuwa manyan kaburburansu na dutse da ke tsaye har yau a Malainn Mhóir. Sunan ƙauyen ya zo daga baya. Ma'anarsa kwarin Colm Cille, wani malamin Kirista da aka haifa a Gartan, cikin Donegal ɗin, a 521, ya ƙaura zuwa tsibirin Iona a 563, ya rasu ran 9 ga Yuni, 597. Duk shekara a wannan rana mutanen kwarin kan yi wani zagaye da suke kira Turas: tasha 15, tafiyar kimanin kilomita 5, a da ma babu takalmi. Yawancin tashoshin tulin duwatsu ne da wani dogon dutse mai zane a tsakiya, ana kewaya kowanne ta hannun dama ana addu'a. A rijiyar Colm Cille mai zagaye kan ƙara duwatsu uku a kan tulin da ke wurin, shi ya sa tulin ya zama ɗan tudu.

Wani mai baibaya ɗaki daga Maraɗi: Na ga hoton gidajensu na ciyawa an ɗaure rufin da igiyoyi kamar kayan jaki. Me ya sa, kuma yaya ake yi?

Malam, iska ce ta koya musu. Guguwar hunturu da ke tasowa daga teku tana iya kwashe rufi ɗungurungum a dare ɗaya, saboda haka rufin Donegal ba shi da tsini irin jinkarmu. Ƙanƙanin tudu ne mai doro, iska ta zame ta wuce, kuma ciyawar ba ta zarce bango sosai balle iska ta sami wurin kamawa ta ƙasa.

Aikin hawa huɗu ne. Da farko katako: tun da babu bishiyoyi a wurin, a da sukan tono tsofaffin kututture daga cikin fadama, ko su tsinci wanda teku ya turo, su kafa su biyu-biyu suna jingine da juna, su gicciya sanduna a kai. Na biyu shi ne abin da mu ba mu yi: sai a yanko fatar ƙasa da ciyawarta da saiwoyinta, faɗin kimanin santimita 60, kauri kimanin santimita 5, a naɗe ta kamar tabarma, a shimfiɗa a kan sandunan, gefen ciyawa yana kallon sama, kowace tana ɗan hawa kan 'yar'uwarta. Ita ce ke tare sanyi, ita ce kuma ke riƙe shuci kada ya zame. Na uku shucin kansa, wato karan hatsin da suke nomawa, ko ciyawar fadama, ko doguwar ciyawar da ke fitowa a yashin bakin teku. Ba a yanta shi kamar yadda kuke yi. A warware ake zuba shi, a daidaita da hannu daga bakin rufi zuwa sama. Na huɗu igiya. Ana jefa ta daga wannan gefe ta haye doro ta sauka wancan, a ɗaure a turakun dutse da aka bari sun leƙo daga saman bango tun ranar gini, a matsa kusa-kusa, tazara ba ta wuce taƙi ɗaya ba, sannan a gicciya wasu. A da da hannu ake tufka igiyar da kara, mutum biyu, ɗaya na ciyar da kara ɗaya na murzawa yana ja da baya. Daga baya igiyar kanti da tsohuwar komar masunta suka shigo.

Inda yake ɓaci kuwa, kai ma za ka gane. Rufin igiya ba ya daɗewa, bayan shekara biyu ko uku sai an ƙara masa sabon shuci, igiyar kara ma duk shekara. In mai aiki ya bar kwarmi a wani wuri, ruwa ya kwanta nan, ruɓa ta fara, ta ci har fatar ƙasar. Karan da injin girbi ya bi ta kansa ya kakkarye, ba ya zubar da ruwa, dole sai wanda aka yanka aka bubbuge da hannu. Karan da aka cika wa takin zamani kuma laushi gare shi, da wuri yake ruɓewa. Babban abokin gabar rufin shi ne gidan da aka rufe aka tafi: muddin ba a hura wuta a ciki, laima ta kama katako daga ƙasa, kafin 'yan shekaru ya rufta. Yau kuma ga tsadar inshorar gobara, ga ƙarancin masu sana'ar. Gidajen da za ka ga rufinsu fes yawanci na ƙauyen tarihi ne da aka gina don baƙi, ko na masu hayar hutu. Mutanen gari sun koma falle-fallen dutse da tayil tuntuni, ba kuwa za mu ga laifinsu ba.

Wata uwargida daga Kano: In babu itace, da me suke girki da jin ɗumi?

Hajiya, ƙasa suke ƙonawa, ba kuwa zolaya muke ba. Fadamun tudun nan ba laka ba ce, ganye da gansakuka ne da suka yi dubban shekaru suna taruwa cikin ruwa ba su ruɓe duka ba. Suna kiranta móin. Kimanin milimita ɗaya take ƙaruwa a shekara, wato mita ɗaya aikin shekara dubu ne.

Daga Afrilu zuwa Mayu ake yanka. A fara kankare fatar sama, sannan mai yanka ya sa wata shebur mai fiffike a gefe, sleán, wadda ke fitar da yanki kamar tubali a sara ɗaya. Ya jefa wa na bayansa, shi kuma ya baza a ƙasa. Ɗanyen tubalin kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Bayan mako ɗaya ko biyu, in ya yi ɓawo, a tayar da shi tsaye, biyar ko shida suna jingine da juna don iska ta ratsa. Wannan shi ne aikin karya baya, yara ma ba sa tsira. In ya ƙara bushewa a haɗa ƙananan tari su zama manya, kafin ƙarshen bazararsu a kwaso gida a jera. Baƙin da ke can ƙasa ya fi nauyi da zafi da daɗewa a murhu. Na sama fari-fari ne, fuu ya cinye. Wanda ya makara da yanka, ko ruwa ya zarce masa a Yuni da Yuli, zai sha hayaƙi duk hunturu. In kuma sanyin ƙanƙara ya kama tubalin yana ɗanye, sai ya marmashe.

Tun 31 ga Oktoba, 2022 doka ta hana sayar da shi a kantuna da ta intanet saboda gurɓata iska. Gidajen da ke da haƙƙin yanka a fadamarsu dai suna ci gaba, yawanci da inji.

Wani manomin dankali daga Bokkos: An ce ciwon dankali ya kashe mutane miliyan a can. Shi ne wanda ke ƙona mana gonaki da damina?

Shi ne, Malam, ƙwayar cuta ɗaya ce, kuma daga ƙasar nan dankalin ya samo sunan da kuke kiransa da shi a kasuwa, Airish, ko da yake asalinsa tsaunukan Kudancin Amurka ne.

Ga yadda suke nomansa a irin ƙasar Gleann Cholm Cille, mai duwatsu da yawan ruwa. Ba a huɗa. A ja layi a kan ciyawa, faɗin kimanin mita ɗaya, a zuba takin dabba ko ciyawar teku a kai, a yanko fatar ƙasa daga dama da hagu a kifa a kan takin. Kunya ta tashi, kwari ya samu a gefe na janye ruwa. Daga tsakiyar Maris ake sa iri, in ya tsiro a ƙara masa ƙasa daga kwarin. Har yau in rana ta yi ƙasa za ka ga sawun waɗannan kunyoyi a jikin tuddai inda babu kowa yanzu.

Cutar ta shigo a 1845, ta share amfanin 1846 kusan kakaf. Ƙidayar 1841 ta sami mutum miliyan 8.2 a tsibirin, ta 1851 ta sami miliyan 6.5. Kimanin miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ya tsallaka teku. Amma kada a ɗora wa cutar laifin duka. Ta shiga ƙasashen Turai da dama ba ta yi irin wannan kisa ba. A Ayalan ƙasa tana hannun manyan masu filaye, talaka ɗan haya ne a kan ɗan tsito, kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a ba su da abinci sai dankali, namiji mai aikin ƙarfi yana cin har kilo 6 a rana, kuma yawancinsu iri guda suke shukawa, Lumper, mai yawan 'ya'ya marar juriya. Ana cikin yunwar ma jiragen ruwa ba su daina fita da hatsi da shanu ba.

Abin da za ka ɗauka na aiki: cutar laima take so da sanyi-sanyi. Tsohuwar ƙa'idar masu duba yanayi a can ita ce, in zafi bai gaza digiri 10 ba kuma laimar iska ta tsaya a kashi 90 ko fiye har awa 12, to a yi shirin feshi. Maganin da kakanninsu suka riƙe daga ƙarshen ƙarni na 19 shi ne shuɗin gishirin tagulla kilo 3.6, sodar wanki kilo 4.5, ruwa lita 180. Kowanne a narka shi daban, a zuba ruwan soda cikin na tagulla ana motsawa, a ganga ta katako ko roba don tagulla na cin ƙarfe, a fesa a ranar. In soda ta gaza, haɗin ya ƙona ganye. Rigakafi ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu, ruwan sama kuma na wanke shi, sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. In cuta ta ci ƙarfin gona, sukan yanke ganyen duka su kwashe, su bar 'ya'yan a ƙasa mako biyu zuwa uku kafin tono, don kada ƙwayar ta taɓa su a kai ta rumbu. Tulin ruɓaɓɓen dankalin da aka watsar a gefen gona shi ke raino cutar zuwa baɗi. Game da magungunan yau, malamin gona na yankinku ya fi mu sanin abin da ke kasuwarku.

Sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari daga Funtuwa: Matasanmu duk sun tafi birni. Na ji wannan ƙauye ya yi fama da haka. Me suka yi?

Ranka ya daɗe, sun yi fama sosai. Lokacin da aka turo Fada James McDyer a 1951, babu lantarki, babu ruwan famfo, babu masana'anta, samari da 'yan mata suna cin rani a gonakin dankalin Sikotilan ko su wuce Ingila da Amurka ba dawowa. Bai fara da masana'anta ba. Ya fara da zauren taron jama'a a 1953, da aikin gayya, wanda su ma suna da shi tun kaka da kakanni, suna ce masa meitheal: yau a gonarka, gobe a tawa, mai gona ya ciyar. Lantarki ya iso a 1954, bayan an bi gida-gida ana lallashin mutane su sa hannu, domin hukuma ba ta jan waya sai gidaje da yawa sun amince za su biya. Sai ruwa da gyaran hanya. A 1962 aka kafa ƙungiyar haɗin kai ta sarrafa kayan lambu, daga baya aka tsara saƙar rigunan ulu da mata ke yi a gida. A 1967 aka buɗe ƙauyen tarihi, gidaje uku na ciyawa da ke nuna zaman ƙarni na 18 da na 19 da na 20, da kayan da mutane suka fito da su daga ɗakunansu.

Ba duka suka yi ba. Shirinsa na haɗe ƙananan gonaki a noma su tare bai sami kuɗin gwamnati ba, ya mutu a takarda. Kayan lambu ba su jure nisan kasuwa da halin ƙasar ba, masana'antar ta koma sarrafa kifi, a nan ne ta kama ƙasa, don kifi ne abin da yankin ke da shi da gaske. Bashi ya yi wa ƙungiyar ci gaban yawa, aka sayar da wasu sana'o'in ga 'yan kasuwa. Masu nazari sun kuma lura cewa ragama ta taru a hannun mutum ɗaya, jama'a na bi don girmansa ba don sun mallaki shawarar ba. A ganinmu wannan ne ya kamata ƙungiyarku ta fi dubawa. McDyer ya rasu a 1987, ƙauyen tarihin na nan na karɓar baƙi.

Akwai kuma abin da ba shi ya kawo ba. Kwarin na cikin yankunan da hukuma ta amince ana jin harshen Ayalan na asali, ko da yake Turanci ya fi yawa a bakin yara. A 1984 aka kafa Oideas Gael, makarantar koya wa manya harshen, da darussan kiɗa da saƙa da hawan tsauni. Duk bazara ɗalibai na zuwa daga ƙasashe da dama, su kama ɗaki a gidajen mutane, su ci abinci a gari. Harshen da a da ake ganin alamar talauci ne ya zama abin da ke kawo kuɗi.

Wani ɗan zango daga Kumasi: Me ke tara su yanzu?

Ƙwallo da mutuwa, ɗan'uwa. Ƙwallon tasu ce ta gargajiya, mutum 15 kowane gefe, ana kamawa da hannu ana bugawa da ƙafa; ta shiga raga maki uku, ta haye sandar sama tsakanin dogayen turaku maki ɗaya. Ba a biyan ɗan wasa, kuma a al'ada inda aka haife ka nan kake bugawa. Ƙungiyarsu, Naomh Columba, ta ci kofin lardin Donegal a 1978 da 1990.

In an yi rasuwa, gawa kan kwana biyu a gida, ƙofa a buɗe. Rediyon yanki ya sanar, maƙwabta su kawo kujeru da shayi da burodi, wasu su tsaya a titi suna tsara motoci, a karkara da yawa ma maƙwabta ne ke haƙa kabari. Bayan wata guda a sake taruwa a coci, kusan yadda ake sadakar arba'in.

Wata ɗalibar tarihi daga Sakkwato: Ina so in rubuta tarihin ƙauyenmu. Su da me suke rubuta nasu?

Malama, sirrin shi ne ƙaramin yanki. An raba tsibirin zuwa ƙananan yankuna har kimanin 61,000, kowanne da sunansa da iyakarsa, wani bai wuce gonaki biyar ba. Da wannan suna ake neman komai, domin sunan dangi kaɗai ba ya kai ka ko'ina: a kwari ɗaya gidaje ashirin na iya amsa suna guda. Su kansu sukan bambanta mutum da sunansa, da na ubansa, da na kakansa a jere, kamar yadda za a ce Audu na Garba na Tanko. Takardar hukuma ba ta ɗauke da wannan, sai a bakin tsofaffi.

Daga yau ake farawa a koma baya. Ƙidayar 1911 da ta 1901 suna intanet kyauta, gida-gida, da suna da shekaru da sana'a da harshen da kowa ke ji, har da yawan tagogi da irin rufin gida. Rajistar haihuwa da mutuwa ta kowa da kowa ta fara a 1864. Kafin nan akwai kundin kimanta filaye na Griffith, 1847 zuwa 1864, mai nuna wa ke haya a hannun wa. Daga nan hanya ta yi duhu: takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 sun ƙone, in ban da ɗan abin da ya tsira, a gobarar ma'ajiyar takardu ta Dublin ran 30 ga Yuni, 1922, lokacin yaƙin basasa, na 1861 zuwa 1891 kuma hukuma ce da kanta ta lalata su.

Tarkon da sababbin masu bincike ke faɗawa shi ne shekaru. An fara biyan fanshon tsufa a 1909 ga wanda ya kai 70, saboda haka za ki ga wanda ya ce shekararsa 55 a 1901 ya zama 72 a 1911. Rubutun suna ma yana sauyawa, don ma'aikacin da ke rubutawa da Turanci yadda kunnensa ya ji yake sawa.

Wanda ya fi dacewa da ke shi ne aikin 1937 zuwa 1939. Hukumar tattara al'adun gargajiya ta sa yaran firamare fiye da 50,000 daga makarantu 5,000 su je wurin kakanni da maƙwabta su rubuto tatsuniyoyi, magunguna, sunayen gonaki da rijiyoyi, wasanni, da abin da aka ji game da yunwa. Shafi kimanin 740,000 suka taru. Abin da ya ba su daraja yau shi ne an sa yaro ya rubuta sunan wanda ya faɗa masa, da shekarunsa, da yankinsa. In za ki gwada a ƙauyenku, ki nemi izinin hedimasta da mai gari, ki ba kowane yaro littafi guda da batu guda a mako, kada malami ya gyara karin harshen tsohuwa zuwa Hausar littafi, kuma ki ɗauki hoton kowane shafi ki ajiye kwafi a wuri biyu daban kafin littattafan su shiga kabad ɗin ofis inda gara ke jira.